Yadda Kwamfuta Ta Zubar da Ɗan Farin Hamsatu

Duk wanda ya taɓa zama da Hamsatu ta unguwar Jega Magaji ya san ba ta yarda da mutum. Ba mugunta ba ce, haka Allah ya yi ta. In ka kawo mata tuwo sai ta tambayi wadda ta tuƙa. In ka gaishe ta da fara'ar da ta fi ta jiya, sai ta wuni tana tunanin abin da kake nema a wurinta. Maƙwabta kan tsokane ta su ce ko inuwarta ce ta biyo ta, sai ta juya ta tambaye ta wa ya aiko ta. Ita kuwa ko a jikinta. Cewa take da ba don wannan hali ba, da tuni an sayar da ita a kasuwar Jega tana tsaye.

A Gumbin Kure aka haife ta, cikin ƙasar Maiyama, gidan manoman albasa. Mahaifinta ya sa ta firamare, ta kuma ɗan taɓa sakandare kafin ta auri Sulaimanu, direban babbar mota mai kai albasa Kudu. Shi ya kawo ta Jega. Sun zauna lafiya, sai dai duk dawowarsa daga tafiya sai ta shinshina rigarsa, shi kuma ya yi dariya ya miƙa mata hular ma. Ciwon ciki ya ɗauke shi yara ba su gama tasawa ba, ya bar ta da ɗanta na fari, Magaji, da 'yan mata biyu.

Rubutun hannunta ne ya ciyar da su. Lokacin da masu rigakafi ke neman macen da za ta iya shiga gidaje ta kuma rubuta suna, ita aka ɗauka. Ta taka ƙauyukan Jega da Aliero da Maiyama har takalmanta suka san hanya, bironta ɗaure da zare a jikin jaka don kada wani ya ara ya manta. Daga nan ƙungiyar manoman albasa ta yankin ta ɗauke ta mai rajista. Shekara da shekaru tana wannan aiki, ba ta taɓa sa sunan mutum ba sai ta ga gonarsa da idonta. Alhaji Tukur, shugaban ƙungiyar, yakan ce ya fi shakkar Hamsatu a kan ɗan sanda, kuma ba wasa yake yi ba.

Shekarar da man fetur ya gagari talaka, noman rani ya shiga uku. Injinan ban ruwa suka yi shiru a fadama. Magaji, wanda ke noma gonar da uwarsa ta gada a Gumbin Kure, ya zuba ido yana gani irin albasarsa ya ƙone a tsaye. Ya zo Jega ya zauna bakin ƙofar ɗakinta, kansa a ƙasa, ya ce shi kam ya gaji, abokansa za su tafi haƙar zinare wajen Yawuri, zai bi su. Hamsatu ta dube shi. Ta ga ranar da aka dawo da ɗan maƙwabciyarta daga wannan haƙa, naɗe cikin tabarma. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda bai kama ta ba tun rasuwar Sulaimanu.

Ana cikin haka sai ga wata ƙungiyar taimakon manoma daga Birnin Kebbi, da alkawarin raba wa matasa injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Sharaɗinsu biyu ne. Kowane matashi ya je da katinsa na ɗan ƙasa ya yi rajista a wurinsu, sannan ƙungiyar manoma ta tabbatar da cewa yana da gona. Wanda sunansa ya fito a wurare biyun, shi ke da inji. Kuma ba sa karɓar takarda, a kwamfuta suke son komai. Magaji ya je ya yi rajista, ya kuma yarda zai dakata har sunaye su fito. In akwai shi ya zauna, in babu ya tafi.

Ran nan da hantsi Alhaji Tukur ya shigo ofis da wata budurwa riƙe da baƙar jaka. Ya ce sunanta Sakina, 'yar cikin garin Jega ce, ta gama jami'a a Aliero, ita za ta koya wa Hamsatu aikin kwamfuta. Sakina ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta kira ta Inna. Hamsatu ta amsa a taƙaice, ta dube ta tun daga takalmi har gyale, nan take ta yanke hukunci: kujerarta aka zo ɗauka. Yarinyar da ke durƙusawa har ƙasa haka, ai akwai abin da take so.

Amma koyo ya zama dole, tun da injin Magaji na ciki. Aka buɗe mata Eksel, ta ga allo cike da ƙananan gidaje a jere kamar fangalin albasa. Da yatsa ɗaya take bugawa, tana cije leɓe, ta juya kujera yadda bayanta zai kare allon. Sakina ta yi tayin shigar mata da sunayen manoman, wai don a yi sauri. Ina! Hamsatu ta ce ita ta bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, ita ta zauna da iyayen yaran nan a tsakar gida suka ba ta sunaye, ita kuma za ta shigar da su da hannunta ko da za ta kai damina. Haka kuwa aka yi, ta shigar da su kaf, ƙauye bayan ƙauye.

Sai aka zo kan abin da ake kira VLOOKUP, wanda Hamsatu ba ta taɓa wahalar da bakinta ta faɗa daidai ba. Ɗan aike take ce masa, tun ranar da Sakina ta kwatanta mata shi. Ta ce kamar ki aiki mutum kasuwa ne: ki gaya masa wanda zai nemo, ki gaya masa layin da zai duba, ki gaya masa abin da zai karɓo in ya same shi. Ga sunayen mutanen Birnin Kebbi a shafi ɗaya, ga na Hamsatu a wani shafin. Ɗan aike zai ɗauki suna daga na farko ya je ya nemo shi a na biyu, ya dawo da sunan ƙauyen da gonar take. In bai same shi ba, sai ya rubuta #N/A, wato ya duba bai gani ba.

Kai, Hamsatu ta sha wuya. Yau ta manta waƙafi, gobe ta manta rufe baka, kwamfuta ta yi ta watso mata gargaɗi da Turanci, ita kuma ta yi tsaki ta harari Sakina kamar ita ta zuga ta. Da ta ja dabarar zuwa layukan ƙasa sai amsoshi suka rikice, Sakina ta ce sai an sa alamar dala don a ɗaure wurin da ake dubawa kada ya zame. Hamsatu ta ɗago kai a hankali. Me ya kawo dala cikin zancen albasa? Wa za a biya? Sai da Sakina ta rantse mata cewa alama ce kawai, kamar turken akuya, sannan ta yarda ta danna, kuma duk da haka ta tambayi wani malamin makaranta a unguwarsu ko gaskiya ne.

Abu guda ne ya yi mata daɗi tun farko. A ƙarshen dabarar akwai wurin da ake gaya wa ɗan aike ko ya kawo wanda ya yi kama da wanda ake nema, ko kuwa shi ɗin daidai. Sakina ba ta gama bayani ba Hamsatu ta ce daidai. Ita ba ta san wani mai kama ba. Ta sa sifili, wato alamar daidai, ta danna, sunan ƙauye ya fito tsaf a gidansa. Ta ja ƙasa, sunaye suka zubo kamar an kwance bakin buhu. Wallahi daɗi ya kama ta har cikin ranta, ta ji kamar ta yi guɗa, amma ta daure ta ɗaure fuska. Ta ɗauko littattafanta ta bi sunaye da dama da yatsa, ko za ta kama ɗan aike da ƙarya. Ba ta kama shi ba, abin ya ɗan ba ta haushi.

A nan ne Sakina ta kawo shawara. Ta ce suna yana da ruɗi, gara a nemi mutane da lambar katinsu, tun da mutanen Birnin Kebbi suna da lambobin. Abin da ya rage kawai Inna ta sake zagayawa ta karɓo su. Kunnen Hamsatu ya tashi. Ta sha jin labarin waɗanda aka karɓi lambarsu aka yi abin da aka yi da ita ba da saninsu ba. To, ga shi yarinya ta fara fito da abin da ya kawo ta.

"Mutum da sunanshi anka san shi," in ji ta. "Shi ba mota ba ne da za a neme shi da lamba."

Sakina ta so ta ƙara magana, Hamsatu ta juya mata baya, zance ya mutu. Bayan haka ta lura yarinyar tana kwafe fayil ɗin Birnin Kebbi a ɗan filashinta na ajiyar bayanai, wai don tsaro. Hamsatu ta sa wannan ma a ranta ta ajiye.

Darasi na ƙarshe shi ne makaro. Sakina ta ce akwai aikin da ake maimaitawa kullum, to kwamfuta na iya kallon yadda kika yi shi sau ɗaya, ta haddace, daga nan maɓalli ɗaya za ki danna ta yi shi da kanta. Hamsatu ta ji kalmar kallo, ta ji kalmar haddacewa, ta tashi ta samo ɗan ƙyalle ta liƙe idon kyamara. Duk lokacin da aka danna wurin ɗauka sai ta yi gum, ko tari ba ta yi, ta kuma yi wa Alhaji Tukur nuni da hannu ya yi shiru in ya leƙo. Sakina ta gaji da cewa ba murya yake ɗauka ba, ta ƙyale ta.

Sakina ta haɗa makaro ɗaya wanda ke ware masu #N/A gefe guda don a duba su daga baya. Hamsatu ta ce to, amma a ranta ta ce ba da ita ba. Wa ya san abin da aka cusa a ciki? Ranar da Sakina ta tafi suna gidan yayarta, Hamsatu ta ja ƙofa, ta buɗe sunayen Aliero, ta yi bisimilla ta danna ɗauka. Ta tace masu #N/A ta dube su da kyau: wani tela, wani ɗan acaba, wasu 'yan kasuwa da ta san ko fartanya ba su iya riƙewa ba. 'Yan cin banza! Ta goge su, ta adana, ta tsayar da ɗauka. Ware su gefe na mene ne, don wani ya dawo da su ta bayan gida? Ta fito ranar tana tafiya kamar wadda ta ci zaɓe.

Da aka zo kan sunayen Jega da na Maiyama, ba ta bari Sakina ta matso kusa ba. Ta sa ɗan aike, ta danna makaronta, allo ya yi ƙifta ɗaya, aiki ya kammala. Ta so ta duba ko yaron nan na ciki, amma ofis cike yake da mutane, kuma wace uwa ce za a gani tana zumuɗin neman ɗanta na fari a gaban jama'a? Ai tana da tabbaci, ita ta shigar da shi da hannunta. Ta sa Alhaji Tukur ya tsaya a kanta aka tura fayil Birnin Kebbi.

Da sunaye suka dawo aka liƙa su a bangon ofis. Matasa suka yi dafifi. Hamsatu na ciki tana yi kamar tana aiki, sai ga Magaji a bakin ƙofa, bai shigo ba.

"Inna, babu ni."

Ya faɗa a hankali ya juya. Hamsatu ta koma kan kwamfuta. Ta buɗe shafinta, ga shi nan ɓaro-ɓaro: Magaji Sulaimanu, Gumbin Kure. To in yana nan, wa ya cire shi? Ta fita ta bi bangon da ido daga sama har ƙasa. 'Yan cikin garin Jega kusan duk sun fito, har da Imran, ƙanen Sakina. Gumbin Kure kuwa da Giwa Tazo an yi musu kwasar karan mahaukaciya, yara masu gona na gaske, waɗanda ta tsaya a bakin fangalinsu, babu su. Nan fa komai ya haɗu a kanta: durƙuson, neman lambobi, ɗan filashin nan. Ashe ba banza ba zuciyarta ta ƙi yarinyar tun ranar farko.

Ba ta yi shawara da kowa ba. Da 'yan kwamiti suka taru ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar ofis, ta miƙe ta zazzage komai. Ta ce an kawo 'yar gari ta share 'yan ƙauye don danginta su samu. Ta kira sunan Imran, ta kira zancen filashi. Alhaji Tukur yana ta cewa a yi haƙuri a bincika, ita kuwa kamar ana ƙara mata wuta. Sakina tana tsaye, hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba.

"Inna, Allah shina gani," in ji ta. "Tun ran da kinka hana ni, ban taɓa fayil ɗin ga ba."

Ta ajiye jakar kwamfuta a kan benci ta tafi gida. Wasu suka ce Hamsatu ta yi daidai, wasu suka yi shiru. A gida kuwa Magaji ya soma haɗa kayansa. Ya ce motar abokansa za ta tashi bayan kasuwar Jega ta ci, kuma ba ya son a sake ce masa ya dakata.

Hamsatu ba ta tsaya kuka ba, shaida take so. Washegari ta shiga motar Maiyama, ta hau acaba zuwa Giwa Tazo, da niyyar ta tattaro katunan duk yaran da aka zubar ta kai Birnin Kebbi da ƙafarta, a ga ƙarshen cin amana. Gidan farko na wata tsohuwar ƙawarta ne, Rukayya, wadda ɗanta Babangida ke cikin waɗanda ba su fito ba. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura, Rukayya ta yi ta Allah ya isa ga wanda ya yi wannan aiki. Hamsatu ta ce a kawo katin yaron. Aka ce ya tafi da shi fadama. Ta zaro bironta ta ce to ba komai, a gaya mata sunan yadda yake a jikin katin.

Rukayya ta rufe baki da gefen zane tana dariyar kunya. Haba Hamsatu, in ji ta, kamar ba 'yar gida ba? Ɗan fari ne fa, kuma sunan kakansa ya ci. Ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciyarta ta zo ta faɗa. Maƙwabciya ta zo tana goge hannu, ta ce ai Habibullahi ne sunansa na yanka.

Biro ya tsaya a hannun Hamsatu. Ta dubi abin da ta rubuta, ta tuna abin da ta shigar a kwamfuta: Babangida. Haka uwarsa ta ba ta a wannan tsakar gida, haka ta rubuta, ba ta ko ji wani abu ba, don ita ma haka ta san shi. Shi kuwa yaro ya je gaban mutanen Birnin Kebbi da katinsa, aka rubuta Habibullahi. Ɗan aike ya ɗauki Habibullahi ya je shafinta, ta riga ta ce masa daidai ko babu, ya duba bai gani ba. Makaronta kuma, wanda ta haɗa a ɓoye da hannunta, ya share shi tun kafin ido ya gan shi. 'Yan cikin gari da kansu suke zuwa ofis su faɗi sunansu, shi ya sa suka tsira. 'Yan ƙauye kuwa daga bakin iyayensu mata ta karɓa, kuma wace uwa ce a ƙasar nan ke kama sunan ɗanta na fari?

Ita ma ba ta kamawa. Sunan surukinta aka sa wa yaron, kunya biyu ke nan a kansa. Tun ranar suna aka ce Magaji, ta riƙe. Makaranta ubansa ya sa shi, kati shi ya je ya yi abinsa. Ba ta taɓa faɗin sunan ba, ba ta taɓa rubuta shi ba, har hannunta ma ya koyi kunyar. Furar da ke gabanta ta kasa sha. Baƙin ciki da kunya suka taru a kanta, ga shi babu wanda za ta harara.

Ba ta bi sauran gidajen ba. Ta koma Jega, ko gida ba ta biya ba, ta wuce gidan su Sakina. Uwar Sakina ta amsa sallamar da ƙyar. Hamsatu, wadda ba a taɓa jin ta ba wani haƙuri ba, ta zauna a ƙasa gefen tabarma ta faɗi abin da ya faru tiryan-tiryan, ta ce ta ɗauki alhakin yarinya a gaban mutane, kuma a gaban mutanen za ta wanke ta. Sakina ta saurara har ƙarshe. Can ta shiga ɗaki ta fito da filashin, ta ce su je.

A ofis suka buɗe fayil na asali daga filashin, suka sake sa ɗan aike, wannan karon ba makaro. Masu #N/A suka fito reras. Hamsatu ta bi su da sunan uba da ƙauye tana ganewa: wannan Maigari ne, wannan Abba ne na gidan liman, wannan Babangidan Rukayya ne. Sakina na rubutawa a gefe. Da suka zo wani layi Hamsatu ta kawar da ido, Sakina ta duba ta gane, ta wuce.

Alhaji Tukur ya tara 'yan kwamiti a cikin ofis, Hamsatu ta tsaya ta wanke Sakina da bakinta, ba ta rage komai ba. Sannan ya kira jami'in Birnin Kebbi ya buɗe muryar waya kowa na ji. Jami'in ya yi ta ƙorafi, ya ce an kusa loda injina a mota. Daga ƙarshe ya ce zai duba, amma da sharaɗi: mai rajistar da ta tura fayil ita za ta karanto sunayen yanzu, yadda suke a kati, ta shaida kowanne yana da gona, shi kuma yana dubawa a nasa.

Labari ya riga ya zaga tasha, matasa suka cika taga da ƙofa. Hamsatu ta karɓi waya ta soma. Muryarta ba ta rawa, ta saba kiran sunan 'ya'yan mutane. Habibullahi, ta shaida. Hafizu, ta shaida. Ta yi ta bi har ta iso layin da ta kawar wa ido, sai ta tsaya. Dattawan kwamiti suka sunkuyar da kai, don duk sun san layin wa aka zo. Jami'in ya tambaya ko sun ƙare ke nan, zai rufe.

Sakina ta matso kusa da kunnenta. "Inna, kawo in hwaɗa miki. Ba ya gane murya."

Hamsatu ta girgiza kai. Ta ce ita ta cire shi, ita za ta mai da shi. Ta gyara riƙon wayar, ta kafa ido a bango.

"Umar Faruk Sulaimanu, Gumbin Kure. Na shaida shina da gona."

"Na'am, Inna."

Daga bakin ƙofa amsar ta fito. Magaji ne, tsaye cikin matasa, bai san sanda ta kuɓuce masa ba. Shekarunsa duka bai taɓa jin sunan nan da wannan murya ba. Ya sunkuyar da kai yana murza ido da bayan hannu, ita kuma ba ta juyo ba, hawaye na sauka kan hijabinta. Babu wanda ya yi dariya.

Wayar ta yi ƙara-ƙara, jami'in ya ce layi ya ɗan yanke, bai ji na ƙarshen ba, ya roƙe ta ta maimaita masa.

Hamsatu ta share fuska, ta sake faɗa.